Tarihin Dokta Paul Harrington, Likitan Da Ya Tokare Ƙashin Baya Da Ƙarfe

A filinmu na tarihin mashahuran mutane na yau za mu tsallaka teku zuwa Amurka, amma dalilin tafiyar a nan gida yake. Duk wanda ya zauna a kasuwar Arzeke ta Parakou, ko ya kwana a tashar Djougou, ko ya yi lodi a Malanville, ya taɓa jin an ce wane ya faɗi a kan zemijan, an kai shi asibiti, an sa masa ƙarfe a baya. Daga nan sai gardama ta tashi. Wani ya ce ƙarfen zai yi tsatsa, wani ya ce tsawa za ta bi shi da damina, wani kuma ya ce ai da wurin mai ɗori aka kai shi da tuni ya miƙe. A nan Kpébié ma mun sha jin irin wannan musu a teburin mai shayi. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihin mutumin da ya mayar da sa ƙarfe a ƙashin baya aikin da likitoci suka amince da shi a duniya, wato Dokta Paul Randall Harrington.

An haifi Harrington ranar 27 ga Satumba, 1911, a birnin Kansas City da ke jihar Kansas, a tsakiyar Amurka. Tun yana yaro an san shi da ƙwallon kwando, kuma da farko ba shi da niyyar zarcewa jami'a bayan ya gama sakandare a 1930. Ƙwallon ce ta ja shi, domin Jami'ar Kansas ta ba shi gurbin karatu saboda ya buga mata. Jami'ar kuwa gidan wannan wasa ce, don a lokacin James Naismith, mutumin da ya ƙirƙiro ƙwallon kwando, yana koyarwa a can, mai horar da 'yan wasan kuma shi ne shahararren nan Phog Allen. Kulob ɗinsu ya ci kofin yankinsu shekara uku a jere, a shekarar ƙarshe kuma Harrington ne kyaftin. Ya kuma iya jifan mashi, har a 1936 ya ci gasar yankinsu ta neman gurbin wasannin Olamfik, sai dai rashin kuɗi ya hana shi zuwa zagayen ƙarshe.

Daga sha'awar motsa jiki ya koma karatun likita, yana buga ƙwallo yana biyan kuɗin makaranta, har ya sami digirinsa a 1939. Ya yi aikin sanin makama a asibitin Roper da ke Charleston, sannan ya dawo asibitin St. Luke na Kansas City, inda ya ƙware a tiyatar ƙashi a ƙarƙashin Dokta Frank Dickson da Dokta Rex Diveley, ya gama a 1942.

Shekarar da ya gama ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da ya kwashi kakanninmu da dama daga Dahomey da Nijar da Najeriya. Sai ya shiga soja, aka sa shi a asibitin tafi-da-gidanka mai lamba 77, wanda likitocin Jami'ar Kansas suka haɗa, shi ne kuma shugaban sashen ƙashi. Asibitin ya sauka a Oran ta Aljeriya a ƙarshen 1942, ya bi sojoji zuwa fagen yaƙin Tunisiya, ya tsallaka tsibirin Sisili, sannan a 1944 ya shiga Faransa ta Normandi ya wuce Beljiyam. Shekara uku da rabi ya yi yana gyaran karaya a cikin tanti, wani lokaci da kayan aikin da ba su isa ba. Mu dai a ganinmu a nan ya koyi ɗabi'ar da ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa, ta cewa in babu abin aiki sai a ƙera shi.

Bayan yaƙi, a ƙarshen 1945, ya koma birnin Houston na jihar Texas, ya kama aiki a asibitin Jefferson Davis, asibitin da talakawan birnin ke zuwa. A nan ya yi karo da cutar da mu ma mun san ta farin sani, wato shan inna. A lokacin babu rigakafi, kuma duk bazara sai cutar ta ɓarke a biranen Amurka, Houston na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A 1952 kaɗai an ƙidaya mutum kusan 58,000 da suka kamu a ƙasar, fiye da 3,000 suka mutu, fiye da 21,000 suka shanye. Yaran da cutar ta kama musu naman numfashi sai a sa su cikin wata ganga ta ƙarfe da ake kira huhun ƙarfe, ita ke yi musu numfashi. An buɗe wata cibiya ta musamman a Houston saboda irin waɗannan marasa lafiya, kuma Harrington ne ke duba matsalolinsu na ƙashi.

Domin mai karatu ya gane abin da ya tarar, bari mu ɗan tsaya a kan ƙashin bayan kansa. Ba ƙashi ɗaya ba ne. Gaɓoɓi ne 33 a jere kamar an ɗora kwanuka: 7 a wuya, 12 a ƙirji inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a ƙugu, sauran kuma sun manne a ƙasa. Ta tsakiyarsu laka ta ratsa, ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafu da mafitsara. Abin da ke riƙe wannan jeri a tsaye shi ne nama da jijiyoyin da ke gefe da gefe, kamar igiyoyin da ke riƙe da rumfa. To idan shan inna ta kashe naman gefe ɗaya, sai ɗaya gefen ya rinjaya, bayan yaro ya karkace, kafaɗa ɗaya ta ɗaga, haƙarƙari ya turo ta baya ya zama ƙusumbi. Likitoci na auna wannan karkata a hoton ƙashi da digiri, bisa hanyar da Dokta John Cobb ya bayyana a 1948. Idan ta yi tsanani sai ƙirji ya matse huhu, yaron da dama numfashinsa rabi ne ya ƙara shiga wahala.

Ba Harrington ne ya fara tunanin gyara wannan ba. Tun a 1741 wani likitan Faransa, Nicolas Andry, ya fitar da littafi mai ɗauke da hoton karkatacciyar bishiya an ɗaure ta a jikin turke, hoton da har yau shi ne tambarin likitocin ƙashi. A 1891 Berthold Hadra ya ɗaure karyayyen ƙashin wuya da wayar azurfa a Texas. A wajajen 1909 Fritz Lange na birnin Munich a Jamus ya gwada ɗaura sandunan ƙarfe a gefen ƙashin baya. A 1911 kuma, shekarar da aka haifi Harrington, likitoci biyu a New York, Russell Hibbs da Fred Albee, kowa da hanyarsa, suka nuna cewa za a iya sa gaɓoɓin baya su manne su zama ƙashi ɗaya, kamar yadda karaya ke haɗewa.

Wannan hanya ta mannewa ita ake bi har zuwa lokacin Harrington, amma wahalarta ba kaɗan ba ce. Sai an miƙar da yaro a cikin filasta tun daga wuya har ƙugu, a huda taga a bayan filastar a yi tiyata ta nan, sannan ya kwanta wata shida, wani lokaci har shekara, yana jiran ƙashi ya kama. Sau da dama kuma ƙashin ba ya kamawa, da an cire filasta sai bayan ya koma gidan jiya. Yaran Harrington kuwa ba za su iya ɗaukar wannan ba ko kaɗan, domin wanda ke numfashi da kyar in ka ɗaure masa ƙirji da filasta ka gama da shi. Daga nan ne ya fara tambayar kansa, me zai hana a kai tokarar ciki, a jikin ƙashin, a bar ƙirji ya sarara?

Gwajinsa na farko shi ne ya miƙar da bayan, ya ɗaure ƙananan mahaɗan gaɓoɓin da noti. Da farko abin ya yi kyau, bayan ɗan lokaci notunan suka saki, karkatar ta dawo. Sai ya sake dabara a wajajen 1953, ya koma amfani da ƙugiyoyi waɗanda ake saƙalawa a jikin ƙashin ta baya, a haɗa su da sandar ƙarfe.

Direbobi da makanikai za su fi kowa saurin gane yadda abin ke aiki, domin jak ɗin mota ne aka mayar ƙarami. Karkataccen baya kamar baka yake, yana da ciki yana da doro. Ta wajen cikin bakan, sai a saƙala ƙugiya ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a zura sanda a tsakaninsu. Sandar na da haƙora a kanta na sama, likita na turawa ƙugiya na hawa haƙori bayan haƙori ba ta komawa, har bakan ya buɗe. Ta wajen doron kuma sai a sa wata siririyar sanda mai noti da ƙananan ƙugiyoyi, ita kuma tana matsewa. Ɗaya na turawa, ɗaya na ja. Kaurin babbar sandar bai wuce rubu'in inci ba, kusan kaurin fensir, kuma da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yin ta.

A shekarun farko babu kamfanin da ke ƙera waɗannan abubuwa. Shi da kansa yake zama da daddare, tare da wani maƙerin takalma da sandunan guragu ɗan asalin Denmark mai suna Thorkild Engen, su ƙera ƙugiyar da za a sa wa yaro washegari. In an ga inda ta gaza sai a gyara siffarta kafin tiyata ta gaba. Kuma sun sha gazawa. Ƙugiya takan zame, ko ta ci ƙashin da ta kama, sanda takan karye a daidai wajen haƙoran. Dole a sake buɗe bayan yaro. Ba ƙaramin nauyi ba ne likita ya koma wajen iyaye ya ce abin da ya sa wa ɗansu ya karye, kuma wani da tun a nan zai watsar.

Darasin da ya fi kowanne muhimmanci ya fito ne daga waɗannan karaye-karaye. Da farko Harrington ya ɗauka ƙarfen kaɗai zai riƙe bayan, ba sai an manne ƙashi ba. Ya yi kuskure. Kowa ya san in ka kama waya kana lanƙwasawa kana miƙarwa, komai ƙarfinta sai ta tsinke. Haka ƙarfe yake a jikin mutum, domin duk numfashi da duk taki lanƙwasa ce ƙarama, sau dubbai a yini. Saboda haka ya koma ga dabarar Hibbs ya haɗa su biyu: a sa ƙarfe ya miƙar ya riƙe, a kankare bayan gaɓoɓin, a ɗebo ɓarɓashin ƙashi daga ƙugun mai jinyar a zuba a wurin, a bar jiki ya yi waldarsa. In ƙashi ya kama cikin watanni, aikin ƙarfe ya ƙare, sai dai ya zauna kawai. In bai kama ba, ko ba daɗe ko ba jima ƙarfen zai karye. Har yau wannan ƙa'ida ba ta canza ba, kuma ita ce dalilin da ya sa likita ke hana wanda aka yi wa aiki ɗaukar buhu ko hawa babur na wasu watanni, ko da ya ji garau.

A 1958 ya kai aikinsa gaban taron likitocin ƙashi na Amurka a Chicago. Ba a tafa masa ba. Wasu sun yi mamaki, da yawa sun yi shakka, don a ganinsu ganganci ne a saƙala ƙarfe dab da laka a kuma tura da ƙarfi. Amma wasu suka je Houston suka gani da idonsu, cikinsu har da Dokta John Moe na Minneapolis, wanda ake ji da shi a wannan fanni, kuma goyon bayansa ya taimaka ƙwarai. A 1959 Harrington ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Zimmer domin ya riƙa ƙera kayan. A nan ya yi wani abu da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi: ya gindaya sharaɗin cewa ba za a sayar wa likita ba sai ya zo ya ga yadda ake aikin tukuna. Sharaɗin ya rage ciniki a farko, amma ya hana kayan faɗawa hannun wanda zai nakasa yaro ya ɓata sunan aikin baki ɗaya. A 1962 ya wallafa sakamakon mutum 129 da ya yi wa aiki a babbar mujallar likitocin ƙashi, bai kuma ɓoye waɗanda abin ya ba shi matsala ba.

Abin mamaki shi ne, kafin duniya ta karɓi sandar, cutar da ta sa aka ƙera ta ta fara ɓacewa a Amurka, saboda allurar Jonas Salk ta fito a 1955, ɗigon baki na Albert Sabin ya biyo baya. Sai sandar ta sami wani aiki da ya fi na farko yawa. Akwai karkatar baya da ke zuwa wa yara lafiyayyu lokacin balaga ba tare da wata cuta ba, kuma mai tsananin ta fi kama 'yan mata. Ga kuma karayar baya ta haɗarin mota da faɗowa daga sama. Daga farkon shekarun 1960 har fiye da shekara ashirin, sandar Harrington ce abin da likitocin duniya suka dogara da shi, an kuma ƙiyasta cewa mutanen da aka sa wa sun kusa miliyan ɗaya.

Ba za mu ɓoye aibinta ba. Bayan mutum lafiyayye ba miƙaƙƙe ba ne sak, in ka dube shi ta gefe yana da lotsawa a ƙugu, wadda ke sa kai ya zauna daidai bisa ƙafafu. Sandar Harrington miƙaƙƙiya ce, in aka kai ta ƙasa sosai sai ta shafe wannan lotsawa. Bayan shekara goma ko ashirin wasu suka fara tafiya a sunkuye da ciwon ƙugu, har sai da aka sake yi musu tiyata. Kuma da yake wuri biyu kawai ta kama, dole mai jinya ya sa filasta ko rigar tokara na watanni bayan aiki.

Waɗanda suka biyo baya suka gyara. Eduardo Luque na Mekziko ya riƙa ɗaure kowace gaɓa da waya a jikin sanda a shekarun 1970. A Paris, Raymond Roy-Camille ya nuna yadda za a zura noti ta wata 'yar gada ta ƙashi har cikin jikin gaɓar, wurin da ya fi ko'ina riƙo. Shi ma Harrington ya gwada irin wannan noti, ya rubuta a kai a 1969. A Janairun 1983 kuma Yves Cotrel da Jean Dubousset suka yi aikin farko a Paris da sanduna biyu waɗanda ake lanƙwasawa daidai da siffar baya, a kama su a wurare da yawa. Irin wannan ake sawa yanzu, yawanci na titaniyom, shi ya sa mutum kan tashi tsaye cikin 'yan kwanaki ba tare da filasta ba.

To mu dawo teburin mai shayi. Ƙarfen ba ya tsatsa irin na kwanon rufi, ba ya kuma jawo tsawa. Mata da dama da aka yi wa wannan aiki sun yi aure sun haihu. Amma akwai abin da ƙarfe ba ya yi: ba ya ɗinke lakar da ta tsinke. Aikinsa ya tsare ƙashi kada ya ƙara motsi ya yanke abin da ya rage. Saboda haka sau da yawa makomar wanda ya yi haɗari a hanyar Parakou zuwa Djougou ko ta Kandi tana hannun mutanen farko da suka ɗaga shi. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi a bayan mota ko a tsakiyar mutum biyu a kan babur. A samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, a mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume. Ba mu raina masu ɗori ba, amma karayar baya ba ta ja da murza ba ce. A Parakou babban asibitin koyarwa na Borgou yana da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, akwai na Kwatano, a Kano kuma akwai asibitin ƙashi na Dala tun 1959.

Haka nan ba kowane ƙusumbi ke son ƙarfe ba. A ƙasashenmu wani doron tarin fuka ne ya ci ƙashin baya, cutar da likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana a 1779, kuma in an gano ta da wuri ƙwayoyin magani na watanni ke warkar da ita. Yarinyar da aka ga kafaɗarta ɗaya ta ɗaga kuwa, a sa ta sunkuya a dubi bayanta, in gefe ɗaya ya fi tudu a kai ta a ɗauki hoto. Ƙaramar karkata sa ido kawai take so, matsakaiciya rigar tokara, sai ta kai wajen digiri 45 zuwa 50 ake maganar tiyata. Ita kuwa shan inna, ba mu manta da 2003 ba, lokacin da aka dakatar da rigakafi a Kano da wasu jihohi, cutar ta tsallako iyaka har Benin. Sai ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da asalin ƙwayar daga yankin Afirka.

Harrington na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin karkatar baya a 1966, ya kuma shugabance ta daga 1972 zuwa 1973. Shekara talatin da 'yan kai bayansa wani ɗan Kumasi, Dokta Oheneba Boachie-Adjei, ya hau wannan kujera, shi ne kuma ya buɗe asibitin FOCOS a Accra a 2012, inda ake yi wa yaran Afirka irin wannan tiyata.

A wajen asibiti ma hannun Harrington bai zauna ba. Yana son ɗaukar hoto da haɗa kayan sauti, ya kuma zana wani jirgin ruwa na alminiyom mai gangar jiki biyu, tsawonsa ƙafa 54. Ya ci gaba da aiki da Kwalejin Likitoci ta Baylor da cibiyar gyaran nakasassu ta Houston, yana bin diddigin mutanen da ya yi wa tiyata shekara da shekaru. Ya rasu a Houston ranar 29 ga Nuwamba, 1980, yana da shekara 69, kimanin shekara biyu kafin aikin Cotrel da Dubousset. A wasiyyarsa ya bar wa sashen likitanci na Jami'ar Kansas takardunsa da zane-zanensa da samfuran kayan da ya ƙera, suna can a ajiye a ɗakin tarihi mai ɗauke da sunansa.